Yajin Mma a leda: kundin aiki daga Aboabo, unguwarmu a Kumasi ta ƙasar Ghana

Asabar, 11 ga Janairu, 2025

Yau na kwashi adashina, sidi 6,000 cif. Tun a cikin pragya, keken haya mai ƙafa uku, na gama rabon kuɗin a zuci: turmin atamfa biyu, gyaran firij, ragowar a ɓoye. Ina shiga gida na tarar da Mma tana tankaɗen yaji, ta rufe hanci da gefen mayafi, ƙanina kuma na bakin ƙofa yana ta atishawa. Da ya ga yadda na maƙale jaka a hammata sai ya ce, "Yaya, bana ma a baki za a buɗe kamfanin yajin?" Na wuce ɗaki kamar ban ji ba, amma maganar ta tsaya mini a wuya kamar ƙayar kifi.

Yaron bai yi ƙarya ba. Shekara uku ke nan ina cewa zan ɗura yajin Mma a leda mai tambari in kai shi shaguna, kuma kowace shekara da uzurinta, uzuri mai kyau ma. A 2022 tsadar kaya ce, har hauhawar farashi ta haura kashi 54 cikin ɗari a watan Disamba, wa zai fara sana'a a wannan hali? A 2023 citta ce ta yi wuta, ana ta labarin cutar da ta cinye gonaki a kudancin Kaduna. Bara kuwa cewa na yi a bari a yi zaɓe a ga inda ƙasa ta dosa. To, an yi zaɓen, ranar Talatar nan ma aka rantsar da Shugaba Mahama. Na laluba aljihun uzuri, ban tarar da ko ɗaya ba.

Bidiyon masu koyar da arziki na kalle su har sun gundure ni. Mutum ya jingina da mota yana ɗaga murya, ka ji jininka ya ɗauki zafi, gari na wayewa ka tashi sanyi ƙalau. Zafin da ba ya kwana ba ya dafa komai. Shi ya sa na sayi wannan littafi mai baƙin bango, na rubuta doka ɗaya a shafin farko: duk shawarar da ta shafi sana'ar nan ba za ta wuce kwana uku a hannuna ba. Daren farko lissafi, na biyu tambayar wanda ya sani, na uku istihara. Da safe a yi ko a fasa, kuma a rubuta dalili. Atamfa ta jira.

Litinin, 20 ga Janairu

Na sayo ƙaramin sikeli mai batir a kasuwar Kejetia. Mma ta fi shekara talatin tana haɗa yaji, na masu jego da na masu tsire, ba ta taɓa sanin wani ma'auni ba sai gwangwanin awo na olonka da tafin hannu. In ka tambaye ta citta nawa, sai ta ce "har sai ta yi magana." Kanumfari kuwa "kaɗan, kada ya ƙwace gida." Wannan ba zai yiwu a leda ba, domin wadda ta saya yau ta ji daɗi, in ta dawo wata mai zuwa abin da ta ci take nema, ba ɗan'uwansa ba.

Na ce, "Mma, ki ɗebo yadda kika saba, amma kafin ya shiga turmi ki ɗora mini a nan." Ta kalli sikelin, ta kalle ni. "Hannun da ya yi miki yajin jegonki ne yau ake kai wa ma'auni?" Sai da na haɗa da lallashi da goro biyu. Mun yi haɗi uku cikin kwana uku. Barkono, citta, masoro, kimba, tafarnuwa, duk hannunta bai kauce ba sai da 'yan giram da ba su kai a yi magana ba. Gishiri ne kawai ya yi ta hawa da sauka, har na fara zargin tsufa. Ashe kafin ta ɗebi gishiri takan gutsiri ƙuli-ƙulin ta tauna, don kowace mai ƙuli da irin hannun gishirinta. Shekara da shekaru ina zama kusa da turmin nan ban taɓa lura ba. Na rubuta a saman takardar haɗi: a ɗanɗana ƙuli tukuna. Kuma wurin mace ɗaya zan riƙa saye, ko da ta fi sauran tsada.

Mai injin niƙa, wanda ko Asantawa nika-nika suke ce wa injin nasa, mun shirya da shi ni ce ta farko da asuba, kafin masu jiƙaƙƙiyar masara su iso. Yaji da laima ba sa ga-maciji. Zan ɗora masa wani abu a kan kuɗin niƙa, shi kuma ya goge injin tun dare ya kwana a bushe.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Doka ta yi aikinta na farko. Injin liƙe leda iri biyu na gani a Adum, cibiyar kasuwancin Kumasi: na hannu sidi 450, mai takawa da ƙafa ya haura 2,000. Zuciya babban take so, don in baƙo ya shigo ya san ana aiki. Lissafi ya ce leda arba'in a mako ba ta buƙatar ƙafa. Na ɗauki ƙaramin, da leda 500, na ba da aikin takardar manne mai suna da kayan haɗi da ranar yi da ranar ƙarewa da lambar haɗi.

Ledar giram 100 tana tashi mini sidi 9 da pesewa 50, wato 9 da rabi, in na sa kuɗin niƙa da na pragya da ladan Mma. Sidi 15 zan sayar. Mma ta ce ita ba ta karɓar lada a hannun 'yarta. Na ce to ba sana'a muke yi ba ke nan, taimako ne, shi kuwa taimako gajiya yake yi. Ta karɓa tana ƙunƙuni.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Mako biyu muna bin masu tsire bayan magariba, ni da ƙanina. Aboabo, Asawase, Alabar, har Tafo. Tukuba goma sha huɗu, biyu suka karɓa, su ma don kunyar Mma. Jiya wani dattijo a Alabar ya lakaci yajin ya sa a harshe, ya gyaɗa kai, ya ce, "Hajiya, yaji ya yi yaji. Amma in na zuba naki, gobe maƙwabcina ya zuba naki, me zai sa mutum ya wuce shi ya zo wurina?" Na rasa ta cewa, don gaskiya ya faɗa. Yajin mai tsire shi ne sa hannunsa.

Ina nan tsaye wata Ba'asantiya ta sayi tsire, chichinga kamar yadda suke kiransa, ta ce a ƙunsa mata ƙarin yaji a takarda daban za ta kai gida. Bayanta wani ɗalibi ya nemi haka. Ashe mako biyu na yi ina kai wa masu rijiya tallar ruwa, masu ƙishirwa na tsaye a gefena. Na miƙa wa matar leda ɗaya, ta jujjuya ta ce ba ta san sunan ba. Ina cewa tankora ne, sunan da suka san yajin tsire da shi, ta zuge jaka. Takardar manne ta gaba suna biyu za ta ɗauka.

Yau da safe na biya rumfar Kawu ta goro, na kwashe labarin na gaya masa ina jiran jaje. Bai yi mini ba. Yana jera goro a ganye yana yayyafa ruwa ya ce, "'Yar nan, goma sha huɗu kika bi har kin gaji?" Sai ya ɗauko labarin Alhassan Ɗantata, wanda duk ɗan goron Kumasi ya haddace. Fataken Gwanja sun saba bin hanyar ƙasa da jakuna, wata da watanni kafin su ga ganuwar Kano, goro na lalacewa, 'yan fashi na tare hanya. Ɗantata na cikin na farko da suka gangara da goro bakin teku suka ɗora shi a jirgin ruwa zuwa Ikko. Da jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911 kasuwar gyaɗa ta buɗe, bai tsaya cewa shi ɗan goro ne ba, ya juya. Ya rasu a 1955 ana lissafa shi mafi arziki a Afirka ta Yamma, Aliko Ɗangote ma ta wajen uwa daga tsatsonsa ya fito. In mutane suka ba da labarin sai su rufe da cewa arziki nufin Allah ne. Haka ne, babu musu. Amma jirgin nan kowa ya gan shi a bakin ruwa, ba shi kaɗai aka nuna wa ba.

Kawu ya ce abin da ya fi ba shi haushi da 'yan kasuwar yanzu shi ne mutum ya ga hanya ta mutu ya ci gaba da binta, don kawai kada a ce ya ɓata tun farko. Na san da ni yake. Na bar masu tsire da yajinsu.

Asabar, 8 ga Maris

Azumi ya kusa mako. Shagunan kayan masarufi tara sun karɓa, biyar a zango, huɗu wajen Asafo da Bantama. In ajiye goma, su biya in sun sayar. Ban so bashi ba, amma sabon kaya ba shi da bakin cewa sai kuɗi hannu. Ranar Alhamis nake zagayen karɓa, mafi yawa ta MoMo, wato turawa ta waya. Makon farko leda 40 ta fita, wannan makon 115, masu soya doya da dankali na buɗa-baki ne suka gano shi.

Mun ɗauki wata maƙwabciya tana taya mu ɗuri da liƙi, ana sallamarta kullum. Hannunta da sauri, ga ta da tambaya: nawa ake sayen leda, ina ake buga takarda, wane shago ya fi ja. Na ji daɗin samun mai son koyo.

Asabar, 22 ga Maris

Jiya gobara ta tashi a Adum, wajen Blue Light, shaguna masu yawa suka ƙone ƙurmus. Na je yau. Warin ƙonanniyar roba tun daga nesa yake shaƙe mutum. Na ga wata mata zaune a bakin kwata riƙe da makullin shagon da babu shi, tana juya shi a yatsa. Sallah saura mako guda da 'yan kwanaki, lokacin da kowa ya cika shago. Allah ya mayar musu da alheri. Shekara biyu da suka wuce, a watan Maris ɗin nan, sabuwar Kejetia ta ga irin wannan.

Wuta ba ta kai shagon da nake sayen leda ba, amma mai shagon ya ce in shirya, kaya za su yi wuya, dala kuma ta haura sidi 15 ba ta da alamar saukowa. Na dawo na raba kayana biyu, rabi na kai gidan Kawu. Maganar leda kuma ta shiga kaina ta zauna.

Alhamis, 10 ga Afrilu

Na zuba sidi 2,800 a leda 4,000, kowace pesewa 70. Ribar azumi ce kusan duka. Na yi kwana ukun da doka ta ce, duk wanda na tambaya amsa ɗaya ce: tun da muka yi wayo sidi faɗuwa yake yi, abin da ka saya yau gobe ya fi haka.

Farkon watan nan an soke E-Levy, harajin tura kuɗi ta waya da ke cin mu tun Mayun 2022, kashi 1.5 da farko, daga baya kashi 1. Masu shago biyu da ke fakewa da shi suna cewa sai dai in zo hannu da hannu, yanzu sai su nemi wata inuwar.

Abin da zai hana ni barci yau daban ne. Maƙwabciyar nan ta daina zuwa tun bayan Sallah, wai bayanta na ciwo. A zagayen yau na ga yajinta rataye a shaguna uku cikin nawa. Ƙananan ƙulli a farar leda, an liƙa su jere a kwali, sidi 2 kowane. Har launin takardar, ja da ruwan ɗorawa, irin tawa sak. Mai shagon farko ya kawar da kai yana gyara gwangwanayen madara da ba su karkace ba. Na gaishe shi, na karɓi kuɗina, na fito ƙafafuna na rawa.

Lahadi, 13 ga Afrilu

Ban taɓa shan wuyar kwana ukun nan kamar wannan karon ba. Daren farko ba lissafi na yi ba, jera maganganun da zan zazzage mata a ƙofar gida na yi. Ƙanina ya ce a karya farashi zuwa sidi 11 na wata guda, in ta mutu a dawo. Mma ta ce a bar ta da Allah. Wata ƙawata ta ce a kai ta gaban manyan unguwa.

Na aiki yaro ya sayo mini ƙulli biyar. Na zazzage a faranti, na auna, na ɗanɗana, na ba Mma ban gaya mata na waye ba. Wallahi na so in same shi da garin masara ko jan kala, in sami abin faɗa. Babu. Gishiri ya ɗan yi yawa, ba ta sa kimba ba, amma yaji ne na ƙwarai. Kowane ƙulli giram 10 ne, wato giram 100 nata sidi 20 yake tashi, ya ɗara nawa da 5. Ashe ba araha take sayarwa ba, ƙanƙanta take sayarwa. Ta leƙa aljihun mutanen unguwa ta ga abin da ban gani ba: 'yar kayayo, mai dakon kaya a ka, da ta sauke kaya ta sayi soyayyar doya ta sidi biyar ba za ta ciro 15 don yaji ba, amma 2 ba ta jin fitarsa. Wata guda muna zaune a tabarma ɗaya, ni ina kallon ƙyallin leda, ita tana kallon masu saye.

Haushi ban daina ji ba, launin takarda kuma ban yafe ba tukuna. Amma in na bi ta ƙanina, ribata ta koma sidi 1 da rabi a leda, in yi wata guda ina wahalar banza, ranar da na mayar da 15 kuma masu saye su ce na yi musu ƙari. Kishiya ba a korarta da kuka ko da zagi, girki ake gyarawa. Ga abin da na yanke: farashi na nan daram. Zan fitar da ƙulli na giram 12 a sidi 2. Zan canza launi in bar mata jan. Kowane shago zan riƙa leƙa shi Litinin da Alhamis, kada ƙusata ta kwana babu kaya.

Na gaishe ta da yamma a bakin famfo. Ta amsa tana kallon bokiti.

Asabar, 10 ga Mayu

Shaguna sun kai 21. Ɗaya na cire da kaina, mako uku yana ce mini gobe, na kwashe ragowar kayana na yi masa fatan alheri. Ƙananan ƙullin suna cin hannu sosai, ƙanina ke liƙi bayan ya taso makaranta, ana biyansa a kan ɗari. Inda muke haɗuwa da maƙwabciyata, wani mako ita ke gaba, wani mako ni. Babbar leda ba ta ragu ba kamar yadda na ji tsoro, waɗanda suka ɗanɗana na sidi 2 su ne ke dawowa su ɗauki na 15.

Tun da matar nan ta fito ban ƙara makara zuwa injin niƙa ba ko sau ɗaya. Abin da masu bidiyo suka kasa yi mini cikin shekara uku, ta yi mini shi kyauta.

Laraba, 28 ga Mayu

Abin da ba mu saba gani ba: sidi ya miƙe. Dalar da ta haura 15 ranar da na sayi leda, yau ba ta kai 11 ba. Masu sharhi a rediyo suna danganta shi da tsadar zinariya a kasuwar duniya, da sabuwar hukumar sayen zinariya ta GoldBod, da dalar da Babban Banki ke saki, da raunin da ita kanta dalar ta yi bayan harajin shigo da kaya na Trump. A kasuwa dai farashi bai bi ba tukuna, kowa cewa yake tsohon kaya ne a hannunsa. Mai ledata ya ce sabon kayan da ke hanya pesewa 55 zai sayar. Ina da 3,300 da ɗoriya a ƙarƙashin gado. Kusan sidi 500 ke nan na yi kyauta, ban da kuɗin da ya kwanta ya ƙi tashi.

Na koma shafin 10 ga Afrilu na sake karanta dalilina. Da abin da na sani a ranar, ba wauta na yi ba. Yawan ne kuskure. Leda 1,500 ta ishe ni, tsoro ne ya ƙara 2,500 sannan na sa masa rigar hangen nesa.

Tun 17 ga wata Kawu ya ce zai ranta mini sidi 4,000 in yi yajin Babbar Sallah, in biya bayan Sallah ba ƙarin ko pesewa. Yau kwana goma sha ɗaya ban ba shi amsa ba. Na san doka, ni na rubuta ta. Amma wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake yi.

Talata, 10 ga Yuni

An yi Sallah ranar Juma'a. Nama a kowane gida, suya da kilishi da dambu, ni kuma yaji ya ƙare mini tun ranar Laraba. Sai 30 ga Mayu na je wa Kawu da "to," bayan kwana goma sha uku. Kafin nan mai ƙulina ta riga ta karɓi kuɗin wasu, har da na maƙwabciyata, rabin abin da na nema kawai ta iya ba ni. Leda 600 na yi. Jiya na zauna da waya na ƙirga waɗanda suka nema na ce musu babu, shaguna da masu saƙon WhatsApp: sun kai leda 400. A ribar sidi 5 da rabi, 2,200 ke nan.

Na jera lissafin biyu a shafi ɗaya ina kallo. Hukuncin da na yanke na yi kuskure ya ci mini 500, kuma ledar na nan, ba ruɓewa take yi ba. Wanda na ƙi yankewa ya ci 2,200, bai bar mini ko abin nunawa ba. Asarar jinkiri ba ta da rasit, shi ya sa ba ma jin zafinta, ba wanda zai zo yi maka jaje a kan cinikin da ba ka yi ba. Shekara ukun nan da na yi ina tara uzuri, ko nawa suka ci, Allah kaɗai ya sani, kuma a lokacin gani nake ni mai hankali ce.

Shaguna biyu na Asawase da na bari babu kaya, na tarar da ƙusoshina cike da jar takarda. Ban ga laifinsu ba, ita ma ban ga nata ba. Ni na share mata wuri.

Na mayar wa Kawu kuɗinsa, har da wanda ban taɓa ba. Ya ƙirga, bai ce uffan ba, ya miƙo mini farin goro ɗaya. Da faɗa ya yi da ya fi mini sauƙi.

Asabar, 19 ga Yuli

Damina ta nuna mini kanta. Wata mai shago a Bantama ta kira ta ce yaji ya dunƙule a leda. Na je na yage ɗaya a gabanta: ya cure, man ya fara juyawa, yana maƙaƙi a maƙogwaro. Haɗin 24 ga Yuni ne, leda 140, ranar da aka kwana ana ruwa na ƙi ɗaga niƙa don kada in makara. Lambar haɗin da ke jikin takarda, wadda ƙanina ke cewa ƙawa ce kawai, ita ta nuna mini shagunan da suka karɓa.

Wannan ban ba shi kwana uku ba, dare ɗaya ya ishe shi. Mun bi shago-shago mun kwaso 96, mun maye da sabo. Ƙanina ya ce a shanya a sake niƙawa a ɗura a ƙananan ƙulli, ba mai ganewa. Na ce a'a. Gyaɗa in laima ta kama ta tana yin funfuna mai dafin da ake kira afulatoksin, mai lalata hanta, ido ba ya ganinsa, suya kuma ba ta kashe shi. Ba zan yi caca da cikin 'ya'yan mutane a kan sidi dubu da 'yan kai ba. Mma ce ta ɗauki bahon da kanta ta kai bola. Da ta dawo tana wanke hannu ta ce sunanta ne a jikin ledar nan ko da ba a rubuta ba.

Daga yanzu har hunturu: haɗi ƙarami sau biyu a mako, a sake gasa ƙuli a kasko kafin niƙa, a adana a bokiti mai murfi a kan katako ba a ƙasa ba, ranar ƙarewa kuma daga wata shida ta dawo uku.

Asabar, 9 ga Agusta

Wata Hajiya mai shago a Nima, can Accra, ko Ankara kamar yadda Mma ke faɗa, ta ci yajin a gidan suna ta nemo lambata. Tana son leda 500 a wata, ta raba da wata ƙanwarta mai shago a Madina. Sharaɗinta ɗaya: lambar rajistar FDA, hukumar kula da abinci da magunguna, a jikin leda.

Ranar Talata na je ofishinsu na nan Kumasi. Tun 2020 suna da tsarin lasisi mai mataki uku don masu ƙananan sana'o'i irina, ana farawa daga ƙasa ana hawa. Za a nemi rajistar sunan sana'a, da takardar lafiyar masu taɓa abinci, da samfurin kaya da na takardar manne, kuma za su zo su ga wurin aiki. Tsakar gidanmu da awaki ke ratsawa ba zai shiga ba. Akwai ɗaki a bayan layin Kawu, sidi 350 a wata, mai gidan na neman na shekara a dunƙule, duk da dokar haya ta 1963 wata shida ta yarda da shi. Kawu ya sa baki ya sauko wata takwas, 2,800. Na yi lissafi daren Laraba, na tambaya Alhamis, jiya na yi istihara. Zan kama. Dalili: ko Hajiyar Nima ta fasa, manyan kantunan Kumasi ma lambar nan za su nema.

Ɗazu bayan la'asar aka yi sallama, sai ga maƙwabciyata. Bayan gaisuwa mai tsawo ta ce, "Maman yara, na ji kina da leda da yawa. Ko za ki sayar mini da dubu?" Wato babbar leda za ta fara. In na hana ta, gobe ta shiga pragya zuwa Adum ta saya, ni kuma in ci gaba da kwana a kan kuɗina. Na ce pesewa 55, kuɗi hannu. Ta kwance bakin zane ta ƙirga 550. Ta tsaya kamar akwai sauran magana a bakinta, sai ta ce a gaida Mma.

Kuɗin ya shiga cikin na haya. Litinin da safe zan kai wa mai gida, ƙanina ya fara fenti, daga nan in wuce Asafo in sa kwalin samfuri a motar Accra. Ina da kamar mako biyu kafin ledarta ta fito a shaguna. Akwai maganar yajin jego a kwalba mai giram 250 da Mma ta daɗe tana yi mini, na buɗe mata shafi yau, Talata da safe ne wa'adinta. Ban samo farashin kwalba ba tukuna.